Adireshin Kawu da Gurbin da Na Rasa a West Point

Yanzu da na haura shekara 23, ƙofar makarantar horar da hafsoshin sojan ƙasa ta Amurka da ke West Point ta rufe gare ni, domin ƙa'ida ta ce a ranar 1 ga Yuli ta shekarar shiga dole mai nema ya cika 17 kuma bai kai 23 ba. Na nema a damata ta ƙarshe, bayan na yi nisa a jami'a a gida, na kuwa rasa ba tare da an kai ga auna jarrabawata ko ƙarfin jikina ba.

A Kano aka haife ni, amma mahaifina ya daɗe a jihar Ohayo ta Amurka har ya zama ɗan ƙasa kafin ya dawo gida ya yi aure. Abin da na fi jin tsoro tun farko shi ne tabbatar da zamana ɗan Amurka, sai ga shi wannan ne ya zo da sauƙi, albarkacin hangen nesan Baba. Tun ina jariri ya karɓo mini takardar shaidar haihuwar ɗan ƙasa a waje, wadda ake kira FS-240, bayan ya nuna cewa ya zauna a can shekara 5, aƙalla 2 daga ciki bayan ya wuce 14, kamar yadda doka ta shar'anta. Ba a ba da ita ga wanda ya cika 18, saboda haka iyayen da ke jinkirta ta suna ɗaura wa 'ya'yansu wahala.

Inda na faɗi shi ne wajen neman wanda zai miƙa sunana, domin makarantar tana buƙatar wani mai iko, kamar ɗan majalisa, ya gabatar da sunan mai nema. Kowane ɗan majalisar tarayya yana da gurbi 5 a makarantar a lokaci guda, mai nema kuma yana iya zuwa wurin sanatoci biyu na jiharsa da ɗan majalisar wakilai na mazaɓarsa, da sharaɗin nan ce mazauninsa na doka. Ni kuwa ban taɓa kwana a Ohayo ba. Teksas na sani, inda ƙanin mahaifiyata yake, inda na yi dogon hutu har sau uku, kuma da na tuntuɓe shi sai ya ce, "Haba ɗana, gidana ai gidanka ne, sa adireshina kawai." Da zuciya ɗaya ya faɗa, ni ma da zuciya ɗaya na rubuta, domin na taso inda takardar shaidar ƙaramar hukuma take bin dangi da asali, ban gane cewa a can ana duba inda uba yake zaɓe, da inda yake biyan haraji, da jihar da ta ba shi lasin tuƙi ba.

Na aika takarduna ofishin ɗan majalisar mazaɓar Kawu a watan Agusta, da bayani ƙarara a shafin farko cewa a Nijeriya na girma kuma iyayena suna Kano. Ma'aikaciyar ofishin da ke kula da masu nema ta amsa cewa komai ya iso, har ta yi mini maganar ranar ganawa da kwamiti. Sai bayan mako bakwai ta rubuto tana neman shaidar cewa iyayena mazauna Teksas ne, da na ce babu, ta rufe fayil ɗin da layi biyu. A lokacin wa'adin ofisoshin Ohayo da suka shafe ni duk ya wuce. Kuskuren nawa ne, ban musa ba, amma wanda aikinsa ke nan shekara da shekaru ya isa ya ga matsalar a ranar farko, kuma tambaya ɗaya a watan Agusta da ta ishe ni gyarawa. Har yau idan na tuna layukan nan biyu raina yana ɓaci.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne hujjar tana cikin akwatin Baba. Bai taɓa daina jefa ƙuri'a a Ohayo ta hanyar wasiƙa ba, bisa dokar 1986 da ta bai wa Amurkawa mazauna waje damar zaɓe a jihar da suka zauna a ƙarshe. Da na gaya masa, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Da ka tambaye ni."

Sauran darussan gajeru ne. Mataimakin shugaban ƙasa ma yana miƙa sunaye ba tare da duba jiha ba, ni kuwa don karayar zuciya na bar watan Janairu ya wuce ban nema ba. Makarantar dakarun tsaron gaɓar teku da ke New London ba ta buƙatar ɗan majalisa sam. Gwajin lafiya daga ƙasar waje yana cin lokaci, a fara shi da wuri, mai fasfo biyu kuma ya shirya amsa tambaya a kansu.

Bana ƙanwata ce ke neman makarantar sojan ruwa ta Annapolis. Ni na haɗa mata takardu, na sa shaidar rajistar zaɓen Baba a saman fayil ɗin, muka aika ofisoshin Ohayo uku da na mataimakin shugaban ƙasa tun makon da aka buɗe karɓa. Biyu daga cikinsu sun riga sun sa mata ranar ganawa.