Rabin kashi ɗin da ya tona asirin masu kwaikwayonmu

Ni da abokin aikina gardamarmu ɗaya ce, kuma ta ƙi ƙarewa. Shi cewa yake gwamnati ta cire hannunta daga harkar fasaha, ta bar mu mu nemi na tuwo. Ni kuwa na ce ta sa dokarta, ta karɓi harajinta, amma ta riƙa sanar da mutane da wuri, kuma ta turo mai karɓa guda ɗaya.

Manhajar lissafin kaya muke rubuta wa dilolin kayan gini da na kayan wuta a nan Kano. A wani shagon intanet da ke Zoo Road na fara koyo, ina biyan kuɗin awa, in an ɗauke wuta aikin yini ya bi ruwa. Wanda ya koya mini kullum faɗarsa ita ce: "Yaro, duk lambar da gwamnati za ta iya canzawa, ajiye ta wuri guda." A lokacin na ɗauka tsegumi ne irin na manya.

Sai ga Fabrairun 2020, harajin VAT, wanda ake ɗorawa kan kuɗin kaya in an saya, ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5. A tamu manhajar layi ɗaya na taɓa, kafin la'asar duk rasit ya fito daidai. Su kuwa yaran da ke kwafar fuskar manhajarmu suna sayarwa a rabin kuɗi, tasu ba ta san ɗigo ba, ko ta buga 7 ko ta buga 8. Wani Alhaji da ya taɓa taya aikina kamar yana cinikin tumatir, shi ne ya hau benenmu da kansa, riƙe da rasit guda 40. "Malam, a rufa mini asiri." Na ce ranka ya daɗe, zauna. Mun gyara, amma ban rage masa ko sisi ba.

Wannan canjin an sanar da shi tun kafin ya fara aiki, shi ya sa bai dame ni ba. Na Satumban 2021 daban ne, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara saboda 'yan bindiga. Muna da dila a Gusau, makonni ba mu ji duriyarsa ba. Da yake tamu a kan kwamfutar shago take ajiye komai, sai an samu intanet ta tura, bai rasa ko buhun siminti ɗaya a lissafi ba. Maƙwabcinsa littafi da biro ya koma.

Inda abokina yake cin galaba a kaina shi ne bakin ƙofa. Yau mai karɓar harajin allon talla, gobe na wurin kasuwanci, jibi wani ya dawo kan allon nan dai da rasit mai wani launi. Makon jiya na hau tsani na sauke allon, yanzu yana jingine bayan janareta.