Wasiƙa daga Baltimo: shekara 11 rabona da giya

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida.

Ina rubuto muku daga birnin Baltimo na Amurka, inda nake tuƙin tasi. Watan jiya na cika shekara 11 rabona da giya. A cikin danginmu, matata da wani yayana kaɗai suka san na taɓa sha, shi ya sa ma na ɓoye sunana.

A Sabon Garin Kano na fara, ina ɗalibi, wai don in ji yadda take. Da na zo nan sai kaɗaici da sanyi da aikin dare suka haɗu, ga shagon barasa a kowace kwana. Kuma ban bar sallah ba, wannan ne abin da mutane ba sa yarda da shi. Duk Ramadan sai na yi rantsuwa na tuba, kafin masu Sitta Shawwal su gama tuni na koma ruwa.

A shekarata ta ƙarshe ta shan giya, azumi ya kama na yanke lokaci guda. Ranar farko hannuna ya yi ta rawa, gumi kamar an watsa mini ruwa. Rana ta uku na fara gane-gane a jikin bango, na yanke jiki na faɗi, sai a asibiti na farka. Likita ya ce mini wanda jikinsa ya saba da giya kullum, in ya daina farat ɗaya yana iya yin jijjiga irin ta farfaɗiya, har ya mutu, kuma an fi jin tsoron kwana na 2 zuwa na 3. Da magani ake sauko da shi a hankali. Don Allah ku riƙe wannan, domin na san yadda muke yi a gida: a kulle mutum a ɗaki, ko a kai shi gidan mari a sa masa sarƙa. Ba mu manta da mutum kusan 300 da 'yan sanda suka fito da su daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a 2019 ba. Iyayen da suka kai su neman shiriya suke yi, na sani, amma sarƙa ba ta cire ƙishirwar kwalba.

Wata ma'aikaciyar jinya ce ta ba ni adireshin taron Alcoholics Anonymous, ƙungiyar masu ƙoƙarin daina giya, wadda wasu mashaya biyu, Bill Wilson da wani likita Bob Smith, suka kafa a Akron ta jihar Ohayo a 1935. A ɗakin ƙasan wata coci ake zaman. Na fi rabin awa a mota ina tunanin me ya kawo Bahaushe Musulmi nan. Da na shiga babu wanda ya yi mini wa'azi. Wani tsoho ya ba da labarin yadda yake ɓoye kwalba a tankin ban ɗaki, na ji kamar leƙe na yake yi. Daga baya na samu Millati Islami, wadda Musulmi suka kafa a nan Baltimo a 1989 a kan irin tsarin waccan ƙungiya na matakai 12 na daina sha. Ba a ce maka ka yi alkawarin har abada. Yau kawai za ka riƙe, gobe ta Allah ce.

Giya haramun ce, ban zo in sassauta wannan ba. Amma ku duba yadda aka haramta ta: a Baƙara an ce zunubinta ya fi amfaninta, a Nisa'i an ce kada a kusanci sallah cikin maye, sai a Ma'ida aka ce a nisance ta. Kuma Bukhari ya ruwaito labarin sahabin da aka yi ta kawowa saboda sha, har wani ya tsine masa, Annabi (SAW) ya hana, ya ce mutumin yana son Allah da Manzonsa. An hukunta shi, ba a kore shi daga majalisa ba. Mu kuwa da an ce wane ɗan giya ne, shi ke nan, ko gaisuwarsa sai da yatsina ake amsawa, 'ya'yansa mata su rasa manema. To wa zai iya buɗe baki ya ce a taimake shi? Hannunka dai ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Akwai wani ƙanena a nan, ba ciki ɗaya ba, ɗan yankinmu ne. Ya yi wata 8 lafiya, satin da ya wuce ya koma, karo na 4 ke nan. Da ya kira ni yana kuka na ji haushi, ba zan ɓoye ba, har sai da na tuna yawan Ramadan ɗin da na karya rantsuwa. Na kai shi asibiti, an sallame shi jiya. Yau bayan Magariba zan je in ɗauke shi mu tafi zama. Ku sa shi a addu'a.

Naku,
Wani ɗan'uwanku a Baltimo