Waƙar dinar da na lalata da hedifon ɗan Jamus

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na miƙa makullin situdiyo. Shekara bakwai da 'yan watanni ina kan kujera ɗaya a wani lungu bayan Zoo Road, kuma waɗanda suka san wurin sun san shi, ba sai na kama suna ba. Yaran nan biyu da na bari a kan aiki sun matsa mini in rubuta musu abin da na sani game da hedifon, don kullum tambayarsu ɗaya ce: Yaya, wanne ya fi? Na ce to. Amma ba zan iya amsawa ba sai na fara da wata waƙar biki wadda har yau in na tuno ta sai gabana ya faɗi.

A shekarata ta biyu ne. Wani Alhaji zai aurar da 'yarsa, aka kawo mana aikin waƙar dina. Sunan amarya, sunan ango, iyaye, gwaggwanni, ƙawaye, aminan uwar amarya, takarda guda cike. Wanda ya taɓa irin wannan aikin ya san sunayen nan ake biya wa kuɗi, kiɗa rakiya ne. Gwaggo ta ji an ambace ta, ta gyara mayafi ta fito ta yi liƙi, shi ke nan buƙata ta biya.

A makon da zan yi miksin, wato daidaita murya da kiɗa su zama waƙa ɗaya, a makon ne Oga, mai situdiyon, ya kwashe monitocinmu guda biyu, wato sifikokin da muke sauraron aiki da su, ya ba wani abokinsa aro, wai na kwana biyu. Na ce, "Oga, da me zan yi miksin ɗin Alhaji?" Ya buɗe durowa ya ɗauko Beyerdynamic DT 770 Pro, ya ajiye mini a gaba. "Wannan ɗan Jamus ne," in ji shi. "Turawa ma da shi suke aiki. Ko kunnen ne ba ka da shi?" Na yi shiru. Yaro mai neman wurin zama ba ya ja da mai gida.

Na zauna bayan sallar isha'i, janareta na ta ƙugi a waje, na kifa hedifon ɗin a kai. Gaskiya ya yi mini daɗi. Soson nan nasa mai laushi kamar karan-miski, hayaniyar titi ta yi nisa, kowane ɗan motsin leɓen mawaƙi ina jin sa. Sai dai duk inda mawaƙin ya ce "sa" ko "tsa" ko "sha" sai in ji kamar an soka mini allura, sai na bi na rage kaifin muryar, na sake ragewa. Bes kuma, wato sautin nan mai kauri na ƙasa, yana girgiza mini kai, na ce wannan zai fasa wa mutane sifika, shi ma na zaftare. Muryar tana tsakiyar kaina raɗau, har ta yi mini yawa, na sauke ta ƙasa kaɗan don fiyano da kalangu su samu wuri. Wajen ƙarfe uku na dare na fitar da waƙar na tura ta WhatsApp, na tafi gida ina jin kaina wani babban injiniya.

Wayata tana aljihuna duk daren nan. Ban kunna waƙar a cikinta ko sau ɗaya ba. Wannan laifina ne ni kaɗai, ban taɓa musawa ba.

Na je wurin dinar, don mai DJ ɗin abokina ne. Da amarya ta shigo aka saki waƙar, sai na ji abin da ban taɓa ji ba a situdiyo. Kiɗan ba nauyi, kamar ana buga gwangwanin madara. Muryar kuma ta nutse can ƙasa, a dushe, kamar mawaƙin ya toshe baki da filo. Sunaye suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta motsa daga kujerarta. Na ga wata dattijuwa ta karkata kai ta ɗaga gefen ɗankwalinta tana neman sunanta, riƙe da sababbin kuɗi a hannu, har waƙar ta ƙare ba ta tashi ba. Abokina ya murɗa nan ya murɗa can, ya waigo ya kalle ni, ya cire ta ya sa wata. Na fita ta ƙofar baya ko abinci ban tsaya ci ba.

Ranar Litinin ƙanen Alhaji ya zo. Oga ya tashi da rawar jiki ya ba shi kujera, ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, yaron ne bai ƙware ba. Na ba shi kayan aiki mafi kyau, ya ɓata." Ina tsaye a wurin. Bai ambaci monita ba, ni ma ban ambata ba. Aka mayar da rabin kuɗi, aka cire shi daga albashina a wata biyu. Monitocin da aka ce kwana biyu sai bayan mako uku suka dawo, ɗaya ma da lotsattsen gefe, ba wanda aka cire wa ko sisi.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne DT 770 yana da halinsa, kamar yadda kowane hedifon yake da nasa. Yana ɗaga bes na can ƙasa, yana ɗaga kaifin sama sosai, tsakiya kuma ta ɗan ja baya. Duk abin da hedifon ya ƙara maka, hannunka zai je ya rage, sai waƙarka ta fita duniya da giɓi a daidai wurin. Ni na zaftare abin da babu shi a waƙar, a kunnena kawai yake. Ga shi kuma hedifon yana kawo maka murya dab da kai, ba ɗaki, ba bango, ba surutun jama'a, don haka kusan kowa yakan ajiye murya ƙasa da inda ya kamata. Hedifon mai rufaffen baya irin DT 770, wato wanda bayan murfin kunnensa a toshe yake, an fi amfani da shi ne wajen ɗaukar murya, saboda kada kiɗan da mawaƙi yake ji ya zubo cikin makirfo. A wannan aikin DT 770 gwani ne, har gobe shi nake ba mawaƙin da zai daɗe a ɗakin ɗauka, don ba ya gajiyar da kai. Ni ne na ɗora masa kayan da ba nasa ba, ko in ce aka ɗora mana ni da shi.

Haushin abin nan ne ya sa na tara kuɗi na sayi Sony MDR-7506 na kaina. Tsohon zubi ne, tun 1991 ake yin sa, da igiyarsa mai murɗiya wadda ba a cirewa, kuma in ka ga masu ɗaukar sauti a wurin shirya fim ko gidan rediyo sau da yawa shi ne a wuyansu. Ba shi da daɗin sauraro, kada wani ya ruɗe ku. Bes ɗinsa bai kai na sauran kauri ba, sama-samansa kuma akwai tsini. Amma ba ya rufa wa kowa asiri: ƙugin janareta da ya shiga layi, ƙarar fanka, taunar leɓe, inda aka yanka murya aka haɗa ba daidai ba, duk sai ya tona. Fatar sosonsa ce matsala, zafin Kano da gumi suna sa ta sāɓule ta bar maka baƙin ɓurɓushi a kunne da wuyan riga. Na canza soso ya fi sau uku.

Audio-Technica ATH-M50x shi ne ɗan gatan mawaƙa. Tun fitowarsa a 2014 ya cika situdiyoyi, igiyarsa ana cirewa a sa wata, kuma da yake om 38 ne (om ma'aunin turjiyar lantarki ne, ƙaramar lamba ba ta neman ƙarfi da yawa) ko waya tana iya tuƙa shi. Bes ɗinsa akwai duka, mawaƙi yana sa shi sai ka ga ya fara kaɗa kai, ya ba ka murya mai rai. Don haka nake son sa a kan mawaƙi, nake kaffa-kaffa da shi a kaina, domin yana sa waƙa ta yi kamar ta gama haɗuwa alhali da saura. A kula kuma, jabunsa yana yawo a kasuwa, kwali da tambari duk iri ɗaya. In kuɗin ya yi araha da yawa, akwai magana.

Sennheiser HD 280 Pro yana matse kai kamar an ɗaura maka rawani da ƙarfi, amma a cikin waɗanda na riƙe ba wanda ya kai shi tare ƙarar waje. In za a ɗauki mai kalangu ko mai ganga kai tsaye, shi nake miƙa masa.

Shi DT 770 ɗin iri uku aka fi sani, om 32, om 80 da om 250. Namu na 250 ne, kuma ƙaramar na'urar sautin da muke jona shi ba ta cika ba shi ƙarfin da yake so ba. Wanda zai saya ya duba abin da zai jona shi a ciki tukuna.

Akwai abin da ya fi sunan kamfani tasiri, kuma ban taɓa jin mai sayarwa ya faɗe shi ba. Bes ɗin hedifon mai rufaffen baya ya dogara ne da yadda soso ya manne da fata. Wata rana na yi awa guda ina neman inda bes ɗin wata waƙa ya gudu, ashe bakin hulata ne ya shiga ƙarƙashin soson. Na cire hula, bes ya dawo. Ƙafar tabarau ma haka take yi. Mawaƙiya mai ɗankwali ko hijabi mai kauri za ta yi ta cewa a ƙara mata sauti, kana ƙarawa yana zubowa cikin makirfo, sai ka zo tace murya ka ji kiɗa yana raɗa a bayanta. Mawaƙin da ya saba ture kunne ɗaya gefe don ya ji kansa, a kashe masa sautin wannan ɓangaren kawai.

In za ku gwada hedifon biyu, ku daidaita ƙarfin sautinsu tukuna. Wanda ya fi ƙara shi kunne yake zaɓa ko da bai fi kyau ba, kuma masu shago sun san haka. Ku gwada da waƙoƙi uku ko huɗu da kuka haddace, waɗanda kuka ji a mota, a waya, a wurin biki, ba wadda mai shago ya zaɓa muku ba. Kada ku yi ta sauya hedifon kamar riga. Wanda kuka shekara da shi kuka san ƙaryarsa ya fi sabo mai tsada amfani.

Sauran ba su da yawa. Masana lafiyar kunne sun ce ƙarar sauti mai desibel 85 na awa takwas shi ne iyaka a wurin aiki, mu kuwa mun sha wuce nan, kunnena na hagu yana yi mini ƙara da daddare. Kada ku yanke hukunci a kan miksin bayan ƙarfe sha biyun dare. Kada waƙa ta fita sai kun ji ta a sifikar waya da ƙaramar sifikar bulutut irin ta 'yan A Daidaita Sahu, don a nan za ta rayu. In waƙar suna ce, ku kira mai shayin bakin layi ku kunna masa a waya, ku ce ya maimaita sunayen. In kuma an ce ku yi aiki da kayan da ba su dace ba, ku faɗa ta saƙon waya, ya zama a rubuce. Ni da baki na faɗa.

Daga wannan dina zuwa ranar Asabar ba a sake dawo mana da aikin da ya bi ta hannuna ba. Ban taɓa jin Oga ya faɗi haka a gaban kowa ba, ni ma ban tuna masa ba.

Da nake tattara kayana, ya ga na naɗe igiyar Sony ɗin ina sa shi a jaka. Ya ce, "Wannan ba na situdiyo ba ne?" Na ce, "A'a Oga, nawa ne." Na zaro rasiɗin daga cikin jakar hedifon ɗin, inda yake ninke tun shekara biyar da suka wuce, tawadar ta kusa gogewa. Ya karɓa ya kai shi kusa da fitila ya duba, ya miƙo mini, ya ce Allah ya ba da sa'a. Na ce amin.