Badujalar ƴan makaranta da algaitar ƙofar fada

A makon jiya ƙanena da ke zaune a Amurka ya aiko mini da bidiyon ɗiyarsa mai shekara 11, tana zaune cikin ƴan ajinsu da sarewar ƙarfe a baki, malaminsu kuma yana tsaye gabansu yana juya wata siririyar sanda. Da na tambaye shi ko biya yake yi ana koya mata a waje, sai ya ce: "A'a Yaya, darasi ne na makaranta, kamar lissafi."

A can yaro kan zaɓi abin busarsa tun yana aji biyar ko shida, kuma idan ya kai sakandare sai ya tarar da rukunoni da yawa suna jiransa. Akwai waɗanda ke zama a babban zaure suna karanta kiɗa a rubuce, akwai masu fareti da ke shiga fili lokacin hutun rabin wasan ƙwallonsu (wannan da ake runguma a hannu, amma suke ce mata ta ƙafa), sannan akwai rukunin jaz (wani salon kiɗa na Amurka), wanda yawanci bai wuce mutum 17 zuwa 20 ba.

Bidiyon ya tuna mini da ranar 18 ga Disamba 2015, lokacin da bikin Jamhuriyar Nijar ya zagayo garinmu da sunan Maradi Kwalliya. Na kai ɗana kallon fareti yana ɗan shekara 9, kuma tun da badujalar soja ta wuce ta gabanmu bai sake duban motoci ko dawakai ba. Da muka koma gida ya kife gwangwanin tumatir biyu a tsakar gida, ya karyo tsinken darbejiya, ya maido da kiɗan nan daidai, har da wurin da babbar ganga ke shigowa. Mahaifiyata ta leƙo daga ɗaki ta ce: "Kai, aje wannan, gidanmu ba mu gaji roƙo ba." Bayan ƴan kwanaki mushensu, wato malaminsu na boko, ya zane shi saboda ya kaɗa tebur a aji.

A ganina, abin da ya hana makarantunmu irin waɗannan rukunoni ba tsadar ƙahonin Turawa ba ce, ko da yake suna da tsada. Mu Hausawa mun ɗauki kiɗa a matsayin gado, wato sana'ar gidan makaɗa da maroƙa, don haka uban da ke tsayawa a rana ranar hawan Sallah yana sauraron kakaki da tambari a ƙofar Sarkin Katsinan Maradi, shi ne ba zai yarda ɗansa ya taɓa su ba. Alhali kuwa ilimi ne a cikinsu mai zurfi. Mai algaita yana kumbura kumatu ya tara iska, yana shaƙa ta hanci busar kuma ba ta yanke ba, mai kalangu kuma yana matsa tsirkiya a hammata har fata ta faɗi magana da karin harshenmu. Cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya tana Yamai tun 1989, amma yaron unguwar Bagalam a Maradi ko na garin Tibiri ba zai isa can ba.

Na kawo maganar a taron iyayen yara, na ce tun da kullum da safe yara na rera taken ƙasa a gindin tuta da baki kawai, a fara da ganguna biyu da kalangu da sarewa. Wani dattijo ya ce zai cire jikansa ranar da aka fara, shugaban makarantar kuma ya ce: "Malam, ko an yarda, wa zai koyar?" Na ambata masa wani tsoho mai algaita a unguwarmu, wanda ƴaƴansa uku duk kabu-kabu suke yi, algaitar kuma tana rataye a ƙusa sai Sallah ta zo. Ya rubuta sunansa a takarda, ya ce mu sake magana bayan hutu.