Masu zane, ku daina jiran ilhama ta same ku a ɗaki

Ƙannena masu son zane, musamman ku da kuka fara da waya da kwamfuta, babu abin da ya ci min lokaci a harkar nan kamar zaman jiran wai sai ilhama ta sauko. Sai in kwanta ina ta latsa waya a Pinterest, manhajar nan ta hotuna, ina ajiye aikin wasu, data ta ƙare hannu bai taɓa fensir ba, ranar da na tashi yin nawa kuma sai ya fito kamar na wani can a Turai, kyau dai akwai kyau amma ba wanda zai kalla ya ce ɗan Arewa ne ya yi.

Kuma wannan matsalar ba yau aka fara ta ba fa. Tun 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda daga baya ta zama ABU, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Demas Nwoko, suka kafa ƙungiya suka ce za su koyi dabarar Bature amma abin da za su zana daga gida zai fito. Okeke ya koma kan zanen uli na Ibo. To mu me muka rasa? Ɗauko babbar rigar Baba ka shimfiɗa ta, ka zauna ka kwafi aska takwas da tambarin nan da hannunka, wallahi sai ka yi gumi kafin ka gane yadda maɗinki ya raba fili, gefe ɗaya cike da aiki ɗaya gefen an bar shi ya sha iska. Ga zayyanar allon sauka, ga dagi a fuskar tsofaffin gidajen Zariya da Kano da unguwar Birni ta Damagaram, ga bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke riƙe da rufi, a masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina. Ka je marinar Ƙofar Mata ka tsaya, ƙyalle yana fitowa daga ramin baba kore-kore, iska na bugunsa yana juyewa shuɗi a gaban idonka. Wannan kalar ba ka samunta a waya.

Abin da nake yi yanzu ba wani abu ba ne, ƙaramin littafi ne a aljihu da biro. Biro na ce ba fensir ba, don da fensir rabin lokacin a gogewa yake tafiya. Kullum sai na zana wani abu ko da muni, hannun mai shayi yana ɗaga kofi, akuya a gindin bango, keke napep a tasha. In fuskar mutum ce ka nemi izini tukuna, ba kowa ke so ba, kuma yana da gaskiya.

Sai maganar fenti. Na taɓa gama aikin fentin mai da hunturu na jingina shi kusa da taga ya bushe, fentin mai kuwa kwanaki yake yi bai bushe ba, ƙura ta bi ta manne, fuskar mutumin ta koma kamar an barbaɗa mata gari. Akirilik, fentin da ake sirkawa da ruwa, shi kuma akasin haka, a iskar hunturu kafin ka juyo ya ƙame a kan faranti, don haka ka riƙa matso kaɗan-kaɗan kana fesa ruwa, kuma kar ka bar buroshi da fenti ka ce bari in je in dawo.

Ku masu dizayin katin biki da fosta, kalar da ke haske a sikirin RGB ce, wato haɗin hasken ja da kore da shuɗi, injin bugu kuwa da CMYK yake aiki, wato haɗin tawada kala huɗu, shi ya sa shuɗin da ya burge amarya a WhatsApp yake fitowa a dushe. A buga gwaji ɗaya ka gani kafin a saki ɗaruruwa. Sannan ba kowane font, wato salon haruffan kwamfuta, ne yake da ƙ da ɗ da ɓ ba, ni dai an taɓa buga min katin da duk inda ƙ take wani ɗan akwati ne ya fito, har cikin sunan uban ango, da kuɗina aka sake bugawa. A manhajar dizayin ta CorelDraw ka mayar da rubutun ya zama zane kafin ka tura fayil don kar haruffan su canza, kuma kar ka fara aikin kowa, ko ɗan uwanka ne, sai ya ba da kafin alƙalami.