Wa Ke Iya Ce wa Shugaba A'a?

Duk wanda ya koyar da darasin gwamnati ya san zanen nan na akwatuna uku: ɓangaren zartarwa, majalisar dokoki, ɓangaren shari'a. Ɗalibai suna sonsa don sauƙin hadda, mu malamai kuma don sauƙin ba da maki. Zanen ba ƙarya ba ne, sai dai shekarun da na yi ina maimaita shi a allo sun nuna mini cewa ba ya raba ƙasar da jama'a ke da ta cewa da wadda mutum ɗaya ya danne. Koriya ta Arewa tana da majalisa da kotuna, kuma a sunanta na hukuma akwai jamhuriya, akwai dimokuraɗiyya. Birtaniya kuwa sarauta ce, amma a 1979 majalisarta ta kayar da gwamnatin James Callaghan da ratar ƙuri'a ɗaya tak, 311 da 310.

Shi ya sa yanzu tambaya ɗaya nake sa wa a gaba: idan shugaba ya ƙudiri yin abu, wa ke da ikon ce masa a'a, kuma idan ya faɗa, maganar tana zama?

Na fi fara gwada ta a kan kuɗi. Nakan ce wa aji, ga shugaban ƙasa yana son gina gada, yaya zai yi? Ba a rasa mai ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai umarni kawai zai bayar." Sai mu bi sawun kuɗin tare. Ma'aikata za ta sa aikin cikin kasafin kuɗi, a kai majalisa, kwamiti ya kira minista ya yi masa tambayoyi, a rage ko a soke, a kaɗa ƙuri'a, shugaba ya rattaba hannu, sannan baitulmali ta saki kuɗi, daga baya mai binciken kuɗi ya zo ya ƙirga abin da aka kashe. Kafin mu kai ƙarshe za ka ga fuskoki sun sauya, don yaran sun lura cewa wanda suka ɗauka mai kowa mai komai ne, roƙo yake yi.

Kundin tsarin mulkin Amurka, wanda aka rubuta a 1787, ya faɗe shi ƙarara: ba a fitar da kuɗi daga baitulmali sai da dokar majalisa. A ƙarshen 2018 Donald Trump ya nemi dala biliyan 5.7 don gina katanga a iyakar Meziko, majalisa ta ƙi, wani sashe na gwamnati ya tsaya cak har kwana 35, ma'aikata kusan 800,000 ba albashi. Daga baya ya ayyana dokar ta-ɓaci ya karkato wasu kuɗaɗe zuwa aikin, wanda ke nuna cewa a'ar majalisa ma tana da ɓaraka. Duk da haka, a ganina majalisar da ba ta taɓa hana shugaba kuɗi ba, ko sau ɗaya, ado ce kawai.

A tsarin firaminista kuwa zanen akwatunan rushewa yake yi. A Indiya da Jamus akwai shugaban ƙasa, amma ikon yana hannun shugaban gwamnati, wanda daga cikin rinjayen majalisa yake fitowa. A nan a'ar majalisa tana nufin sauke gwamnati ɗungurungum. Jamusawa sun yi wa wannan wani gyara da ke burge ni. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu: sun ga yadda a jamhuriyar Weimar, wato Jamus ta bayan yaƙin duniya na ɗaya, jam'iyyun da ba sa ga maciji da juna sukan haɗu su kayar da gwamnati, amma ba su iya kafa wata, har hanya ta buɗe wa Hitler. Don haka kundin 1949 ya ce majalisa ba za ta sauke shugaban gwamnati ba sai a ƙuri'ar da za ta zaɓi magajinsa. A 1972 an gwada a kan Willy Brandt, ta leƙo ta koma da ƙuri'a biyu. A 1982 ta ci, Helmut Kohl ya maye gurbin Helmut Schmidt a rana guda. Faransa ta haɗa tsarin biyu, har a 1986 shugaban ƙasa Mitterrand ya yi zaman dole da Chirac, ɗan adawa, a matsayin firaminista.

Kotu ce ta fi ba ni wahalar bayani, domin ba ta da soja, ba ta riƙe da baitulmali. Ƙarfinta ya dogara ga wanda aka yanke wa hukunci ya bi. A 1974 kotun ƙolin Amurka ta umarci shugaba Richard Nixon ya miƙa faifan maganganunsa na fadar gwamnati. Alƙalai takwas suka amince ba mai ja, uku daga cikinsu shi ya naɗa su. Ya miƙa, cikin 'yan makonni ya yi murabus. A 2017 kotun ƙolin Kenya ta soke zaɓen da aka ce Uhuru Kenyatta ya lashe, a 2020 kotun Malawi ta yi haka nan, aka sake zaɓe, Lazarus Chakwera na adawa ya ci. Abin da nake jawo hankalin ɗalibai a kai shi ne ƙananan sharuɗɗan da ba wanda ke son karantawa: wa ke naɗa alƙali, wa ke iya cire shi, wa ke biyan albashinsa. Alƙalin kotun tsarin mulki ta Jamus shekara 12 yake yi, ba ƙari, saboda haka ba shi da wa'adi na biyu da zai sa ya faranta wa wani.

Inda gizo ke saƙar shi ne jam'iyya, wadda ba ta da akwati a zanen, kuma kundin Amurka bai ma ambace ta ba. Idan jam'iyya ɗaya ta riƙe fadar gwamnati da majalisa, kuma shugaba ne ke raba tikitin takara, waɗanda aka ajiye don taka masa birki sai su koma 'yan amshin shata, ba tare da an goge ko layi ɗaya daga kundin ba. Indiya ta ga haka a 1975. Babbar kotun Allahabad ta soke zaɓen firaminista Indira Gandhi na 'yar majalisa. Ba a yi mako biyu cikakku ba aka ayyana dokar ta-ɓaci, shugaban ƙasa ya sa hannu, aka tsare jagororin adawa, aka sa wa jaridu takunkumi, majalisar da jam'iyyarta ke da rinjaye ta gyara kundin don fitar da zaɓen firaminista daga hurumin kotu. Akwatunan uku duk suna nan, kowanne yana buɗe ofis da safe. Wata 21 aka yi a haka. A watan Maris 1977 aka je rumfunan zaɓe, jam'iyyar Congress mai mulki ta faɗi, ita kanta Indira ta rasa kujerarta ta Rae Bareli ga Raj Narain, mutumin da tun farko ya kai ta ƙara.