Abin da asma ta koya mini game da kumburin da ido ba ya gani

Darasin da ya fi zauna mini a kan cutar asma, wadda wasu ke kira fuka, shi ne sarƙewar numfashin da ake gani ƙarshen labari ce. Kafin ƙirji ya ɗaure, kafin a ji fiton nan da ke fita tare da numfashi, an daɗe ana fafatawa a cikin bangon hanyoyin iska. Mai asma na iya zama garau a ido, yana hira yana dariya, alhali bututun huhunsa a kumbure suke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 262 ke da cutar a 2019, kuma ta yi ajalin kimanin 455,000 a shekarar. Abin da ke ci mini rai shi ne da yawa daga cikinsu da an iya ceton su da magungunan da aka daɗe da sani.

Rikicin yakan faro daga siririyar fatar da ta shimfiɗu a cikin bututun. Idan ƙura mai ɗauke da ƙananan ƙwari, ko garin furanni, ko hayaƙi, ko ƙwayar cutar mura ta taɓa ta, sai ta saki sinadaran neman agaji irin su TSLP da IL-33. Wasu ƙwayoyin garkuwar jiki masu gadi su ɗauki ɗan ɓurɓushin abin su nuna wa ƙwayoyin T, masu ba sauran ƙwayoyin garkuwa umarni, waɗannan kuma su rikiɗe su zama nau'in da ake kira Th2. Daga nan saƙonni uku ke fita. IL-4 ya umarci ƙwayoyin B su ƙera garkuwar IgE. IL-5 ya je ɓargo ya sa a ƙara haifar ƙwayoyin iyosinofil, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini masu haddasa kumburi, ya kuma tsawaita rayuwarsu. IL-13 ya sa bututun su yawaita majina, tsokar da ta zagaye su ta zama mai saurin ɗaurewa.

IgE ɗin nan yakan je ya manne a jikin ƙwayoyin mast, wasu ƙwayoyin garkuwa da ke zaune a bangon bututun, kamar tarkon da aka ɗana. Ranar da mutum ya sake shaƙar abin, sai tarkon ya tashi: ƙwayoyin mast su zubar da histamin, su ƙera lukotirayin, sinadarai masu matse tsoka da jawo kumburi, cikin 'yan mintuna tsoka ta matse, jijiyoyin jini su yi yoyo, majina ta taru. Kada a raina ƙanƙantar matsewar. A lissafin gudanar iska cikin siririn bututu, idan faɗinsa ya ragu da rabi, wahalar wucewar iska kan ninka har sau 16.

Zango na biyu shi ne wanda aka fi mantawa. Bayan kamar awa 4 zuwa 8, iyosinofil sukan iso, su zazzage sinadaran da asali na yaƙi da tsutsotsi ne, a kan fatar bututun. Shi ya sa wanda ya share ɗaki mai ƙura da rana, ya ji sauƙi da yamma, zai iya farkawa cikin dare yana tari. Idan wannan ya yi ta maimaituwa shekara da shekaru, bango yakan yi kauri, tsoka ta ƙaru, wani ɓangare na matsewar ya ƙi warwarewa ko da magani.

A nan fahimtar magani take. Salbutamol, abin shaƙar nan da galibi shuɗi ne, yana saki tsoka cikin kamar minti 5, aikinsa ya kai awa 4 zuwa 6. Bai taɓa iyosinofil ko ɗaya ba. Mai ciwo ya ji iska ta shiga ya ɗauka ya warke, kumburin kuwa na nan yana ci. Duk wanda ke shanye gwangwani 3 ko fiye a shekara, kowanne mai fesawa 200, yana cikin haɗarin mummunan tashin ciwo. Wannan ne ya sa a 2019 kwamitin GINA, mai fitar da ƙa'idojin kula da asma a duniya, ya daina ba da shawarar a bar manya da matasa a kan salbutamol kaɗai.

Maganin kumburin shi ne siteroyid na shaƙa, irin su budesonide da beclometasone da fluticasone. Yakan shiga cikin ƙwayar halittar jiki, ya haɗu da mai karɓarsa, su wuce cibiyar ƙwayar su kashe umarnin ƙera waɗancan saƙonni, iyosinofil kuma su mutu da wuri. Aiki ne na kwanaki da makonni, don haka mai shaƙa ba ya jin komai nan take, kuma a nan mutane da yawa ke ajiye shi su ce ba ya aiki. Dabarar haɗa budesonide da formoterol, mai saki tsoka nan take kamar salbutamol, a abin shaƙa ɗaya ta burge ni saboda ta yi la'akari da halin ɗan Adam: duk lokacin da mutum ya kai hannu neman sauƙi, ya sami maganin kumburi tare.

Sai dai magani mai kyau kan ƙare a harshe da maƙogwaro idan ba a iya shaƙa ba. A girgiza gwangwanin, a fitar da numfashi, a kama bakinsa da leɓe, a fara jan iska a hankali sannan a danna sau ɗaya, a ci gaba da ja, a riƙe numfashi kamar daƙiƙa 10. Kuskuren da aka fi yi shi ne dannawa kafin a fara ja, ko ja da garaje. Bututun roba da ake sa wa tsakanin gwangwani da baki yana gyara yawancin wannan. Abin shaƙa mai garin magani kuwa akasin haka ne, ana jan sa da ƙarfi da zurfi. Bayan siteroyid a kurkure baki a tofar, in ba haka ba fararen tabo na funfuna da dishewar murya kan biyo baya.

Ba kowace asma ce ta iyosinofil ba. A wajen masu shan taba da wasu masu ƙiba, kumburin kan karkata ga wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, wato nutirofil, waɗanda siteroyid bai cika tasiri a kansu ba. Wasu kuma asfirin ke tayar musu da ciwo, don yana toshe hanya ɗaya da jiki ke sarrafa wani sinadari, sai sinadarin ya kwarara wajen ƙera lukotirayin. Maganin montelukast na tare aikin lukotirayin, amma a 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta sa masa gargaɗi mai ƙarfi kan sauyin hali da barci, don haka a sanar da iyaye tun farko.

Ga asma mai tsanani akwai allurai masu farautar saƙo ɗaya: omalizumab na kama IgE, mepolizumab na kama IL-5, dupilumab na toshe IL-4 da IL-13, tezepelumab na tare TSLP tun daga tushe. Ana zaɓa ne da gwaji, misali iyosinofil 300 ko fiye a kowace maikirolita ta jini alama ce mai kyau cewa masu tare IL-5 za su yi amfani. Suna da tsada ainun, kuma kafin a kai gare su, a miƙa wa mai ciwo abin shaƙarsa a ce ya nuna yadda yake yi, a kuma tambaye shi ranar da ya shaƙi na kumburi ta ƙarshe.